Dalma a Kafaɗar Kwaɗo

Tun yana saurayi ake ce masa Kwaɗo, kuma ba don kyau ba. Gajere ne, mai faɗin ƙirji da siraran ƙafafu, idanunsa sun ɗan firfito, kullum jajaye saboda ruwa. A tudu tafiyarsa ba fasali, sai ka ce wanda ya ari ƙafafun wani. Amma in ya shiga ruwa, ko wanda ba ya ƙaunarsa ba ya musu: mutumin ya iya kwanciya.

Aikinsa nutso ne a madatsar ruwan da ke ba gari wuta. Can ƙasa, inda ruwa ke shiga wajen injina, akwai raga ta ƙarfe mai faɗin bangon gida, kuma ruwa na kwaso mata duk abin da mutane suka yar: rassan itace, tayoyi, leda, mushen akuya, wani lokaci har abin da ba a son faɗa. Su Kwaɗo ne ke sauka su ɓamɓare, su ɗaure, a janye sama. Ƙasan wurin laka ce mai laushi kamar gari. Ka shafe ta da ƙafa sau ɗaya, ta tashi, shi ke nan kai da abokin aikinka kun makance, sai lalube. Shi ya sa a sana'ar nan ba ƙarfi ake yabo ba, kwanciya ake yabo: mutum ya miƙe a tsakiyar ruwa kamar katako, kai da ƙafa daidai, bai taɓa ƙasa ba, bai taso sama ba.

Da huhunsa Kwaɗo yake yin wannan. Tsohuwar tukunyar iska a baya, ɗamarar dalma a ƙugu, in yana son ya ɗaga kaɗan sai ya cika ƙirji, in yana son ya sauka sai ya fesar. Bai taɓa iya yi wa kowa bayaninsa ba, bai kuma damu ya iya ba. Sabon ma'aikaci in ya tambaye shi, amsa ɗaya ce, ya sa kaya ya biyo shi ya gani. Sana'ar ta cinye masa kunnen hagu, ta cinye masa baƙin gashi, ta kuma cinye abokai biyu da suka fara tare. Shi dai ta bar shi, har ya fara ɗauka sun yi sulhu.

Matarsa tela ce. Kekenta na falon gida, kusa da taga, a nan take ɗinka kayan makaranta da labule, tsummoki ko'ina har ƙarƙashin kujerar da yake zama. Tana da ƙane da ake kira Guntu, duk da ya fi Kwaɗo tsawo, kuma Kwaɗo ne ya nema masa aiki a madatsar. Aikin riƙon igiya ne: ka tsaya a kan dandamalin ƙarfe, igiyar da ke ɗaure a jikin mai nutso tana hannunka, kana saki kana ja. A wajen Kwaɗo wannan aikin gajiyayyu ne da matsorata, kuma bai ɓoye ba. Ko a gida, gaban yara, yakan ce kawunsu ya shekara goma a sana'ar nutso amma ban da silifas ɗinsa ba abin da ya taɓa jiƙawa. Guntu yakan yi dariya ya ce to ai wani sai ya tsaya a bushe, in ba haka ba wa zai kai wa Yaya labari.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, shi kuma ya kawo sabbin injina. Akwai dogon rami da ke bi ta ƙarƙashin madatsar wanda ake son a riƙa dubawa, kuma iskar tsohuwar tukunya ba ta kai mutum ya je ya dawo. Sabon injin ba ya zubar da numfashi. Abin da ka fitar yana bi ta cikin gwangwanin hoda a tace shi, a ƙara masa iska mai kyau, ya taru a wasu jakunkuna biyu da ke kan kafaɗunka, ka sake shaƙa. Ma'aikata suna ganinsa suka sa masa suna Goyo, don haka ake ɗaukarsa, kuma haka yake son lallashi. Manaja ya tara su ya yi dogon jawabi a kan ci gaba, amma abin da kowa ya tafi gida da shi jimla ɗaya ce: za a yi horo, za a yi gwaji, wanda bai ci ba ya gama shiga ruwa, sai dai igiya.

Wadda aka ɗauko ta horar da su wata siririyar mata ce mai sanyin murya, kowa na ce mata Malama. A ɗakin ajiyar kaya ta fara, da allo da alli, fanka na kaɗa zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kwaɗo ya zauna a bencin baya, ya karkata ya ba ta kunnen hagu. Ba wai ya raina ta ba ne don mace ce. Ya raina allon ne. A ganinsa duk abin da za a iya faɗa a ɗaki bai kai a saurara ba, in an shiga ruwa za a san wanda ya iya.

Aka shiga ruwa. Akwai wani kududdufin siminti a bayan wurin gyara, nan aka fara. Kwaɗo ya sauka, ya cika ƙirji don ya ɗaga. Bai ɗaga ba. Ya fesar don ya sauka. Bai sauka ba. Iskar daga ƙirjinsa take fita ta shiga jaka, daga jaka ta dawo ƙirji, duk a jikinsa take, ruwa bai san an yi ba. Abin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana gogewa, injin ya shafe shi a nutso ɗaya. Ga shi kuma jakunkunan kafaɗa na jan samansa sama, ɗamara na jan ƙasansa ƙasa, sai ya tsaya cak a miƙe, ƙafafu na share simintin ƙasa. Samarin da shi ya koya wa sa gilashin fuska suna ta shawagi a kansa.

Da ya fito, Guntu ya miƙo masa hannu yana danne dariya.

"Yaya Kwaɗo, yau kam kwalba na gani a ruwa. Ko a canja maka suna?"

Washegari Kwaɗo ya yi abin da ya sani, ya ƙara dalma a ɗamara. Abin ya ƙara lalacewa, ya fito da ciwon baya kamar an taka shi. Malama ta tare shi a bakin kududdufin ta ce dalmarsa ba ta yi kaɗan ba, wurin zama ne ba ta samu ba. Ya ɗebi kaɗan daga ƙugu ya mayar can saman injin, kusa da ƙeya, don ta danne abin da jakunkunan ke ɗagawa. Ta ci gaba da magana, tana nuna ɗamarar da yatsa, amma shi ya riga ya sami abin da zai yi da hannunsa. Ya ce ya ji, ya ɗauki kayansa ya wuce.

A tsakar gidansa ya hura gawayi. Ya sassare tsoffin dalmominsa, ya narka su a wani tsohon ludayin ƙarfe, ya riƙa zubawa a gwangwanin kifi suna fitowa fale-fale kamar sabulu. Maƙwabta suka yi ƙorafin wari, ya ce su rufe tagoginsu. Sannan ya kwance rigar da ke rufe bayan injin ya kawo wa matarsa, da wani yankin tamfol, ya ce ta yi masa aljihuna daga ciki, biyu a sama, biyu a gefe. Tamfol ɗin ya karya mata allura har ta bar keke ta koma ɗinkin hannu da zaren takalmi, tana tura allurar da bayan cokali.

"Baban yara, in sa zif ne ko maɓalli?"

"Ki ɗinke ruf. Layi biyu."

"To in ana son cirewa fa?"

"Wa ya ce miki za a cire? So kike ta zame mini a tsakiyar rami in koma kwalba?"

Ta ce ita dai tela ce, ba ta taɓa ɗinka aljihun da ba shi da baki ba, amma tunda mai kaya ya ce, to. Ta ɗinke, layi biyu, ta ciji zaren.

Dalmar farko da ta hau kafaɗa, ƙafafunsa suka ɗan taso. Ta biyu, suka ƙara. Duk yamma sai ya dawo da rigar injin a jiƙe, a farke ɗinki, a ƙara ɗaya, a sake rufewa. Duk wadda ya ƙara a sama sai ya cire kwatankwacinta daga ɗamara, don jimillar nauyin kada ta canja, wannan kam ya sani tun yana yaro. Ya koyi barin numfashi ya yi harkarsa. Ya koyi cewa yanzu da yatsa ake hawa da sauka, ɗan latsa maɓallin rigar iskar da ake hurawa ta ɗaga mutum, ɗan saki. Da farko abin ya yi masa kamar cin abinci da hannun hagu, daga baya hannun ya saba. Ya daina zuwa hira, ya daina tsokanar Guntu, ya rame. Wata rana ya sauka kududdufin, ya miƙe, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya tsaya. Bai motsa ko ɗan yatsa ba, kuma ruwa ya riƙe shi kamar an shimfiɗa masa gado. Bai taɓa kwanciya irin wannan ba ko da tsohuwar tukunya. Samarin suka daina shawagi suka tsaya kallo. Malama ma ta daɗe a bakin ruwa, da ya fito ta ce ta horar da mutane da yawa, ba ta ga wanda ya kai shi ba. Aljihunan suna cikin rigar injin, ba ta gan su ba, shi kuma bai ga dalilin nuna mata ba.

Guntu ne kaɗai ya lura, don shi ke miƙa masa kaya. Ran nan ya ɗaga ɗamarar da yatsa biyu, ya jijjiga ta.

"Yaya, wannan ai ta wando ce. Ina sauran?"

"Suna inda suke aiki."

"Na ji Malama ran farko tana cewa wani abu a kan ta ƙugu, wai ita ce..."

"Kai Guntu. Ranar da ka jiƙa gwiwarka sai mu yi maganar dalma. Miƙo."

Guntu ya miƙa. Bai yi dariya ba wannan karon, bai kuma sake tada zancen ba.

A cikin madatsar aka yi gwajin, a wani wuri da bai kai zurfin raga ba amma lakarsa iri ɗaya ce. Manaja ya zo da hular rana da kujerarsa. Ɗaya bayan ɗaya suke sauka tare da Malama. Da aka zo kan Kwaɗo, ya bi layin da ta shimfiɗa a ƙasa, tafin hannu ɗaya tsakaninsa da laka, ya je ya juyo ya dawo, ruwan bayansa garau kamar ba wanda ya wuce. Ta sa shi ya kwance ƙusa ya ɗaura, ya yi a kwance. Ta sa shi ya ja da baya, ya ja. A ransa ya riga ya hau sama, ya riga ya ga fuskar manaja.

Saura abu ɗaya. Ta yi masa alamar da aka koya musu: a ɗauka ruwa ya shiga injin, rigar iska kuma ta yage. Abin da ake so, mutum ya rufe bakin injin ya koma shaƙar ƙaramar tukunyar da ke gefensa, ya fitar da duk iskar jakunkuna da ta riga, ya saki ɗamara, ya hau da ƙafarsa. Kwaɗo ya yi su a jere, ba gaggawa. Iskar ta fita, ya ji nauyi ya sauko masa. Ya kai hannu ƙugu, inda hannun ya san hanya ko a barci, ya fizge. Ɗamarar ta faɗi. Ya jira ruwa ya ɗaga shi kamar yadda ya saba ɗaga shi duk ranar da ya taɓa sakin ɗamara.

Sai ya ji gwiwoyinsa sun nutse cikin laka.

Ya buga ƙafa. Ya taso kamar kamu ɗaya, ya koma. Ya sake bugawa da duk ƙarfinsa, laka ta tashi ta rufe fitilarsa, ta rufe Malama, ta rufe komai. Nauyin yana bisa ƙeyarsa, kamar wani ya dafa shi yana cewa zauna. Ya kai hannu baya ta saman kafaɗa, ya cusa yatsu cikin rigar injin, ya taɓo ɗinkin. Layi biyu, zaren takalmi, ko farce ba ya shiga. Maɓallin rigar iska na nan kusa da hannunsa na hagu, latsawa ɗaya zai kai shi sama, amma an ce rigar ta yage, wanda ya taɓa maɓallin ya faɗi gwajin. Bai taɓa ba. Ya ci gaba da bugu a cikin duhu, cinyoyi na wuta, numfashi na fita da gurnani, har ya daina sanin ina sama ina ƙasa. Daga nan ya ji wani hannu ya lalubo kafaɗarsa, ya bi ta har ya kama igiyar da ke ɗaure a bayansa, ya girgiza ta da ƙarfi. Igiyar ta miƙe.

Guntu ne ya janye shi, hannu bayan hannu, shi kaɗai, bai bari kowa ya taya shi ba. Kwaɗo ya fito da baya, baƙi ƙirin da laka, aka mirgino shi kan dandamali yadda ake mirgino abin da suke ciro wa raga. Manaja ya cire hularsa ya mayar.

Malama ta fito, ta durƙusa ta buɗe rigar injin, ta shafa aljihunan ɗaya bayan ɗaya. Ta zagayo ta ɓangaren kunnensa na dama, don zuwa lokacin ta gane.

"Baba, na faɗa a aji, na kuma faɗa maka a bakin kududdufi. Ta kafaɗa kaɗan ce, don kwanciya. Ta ƙugu ita ce ranka, ita kake yarwa. Laifina ne da ban buɗe na duba ba. Amma da yau gaske ne, da gawa muka ɗauko."

Ya ce ya ji. Wannan karon ya ji ɗin.

Gyaran bai fi aikin yamma ɗaya ba: a farke aljihu biyu, a mayar da dalmarsu ƙugu. Ya je ofis ya faɗa wa manaja haka, a tsaye, ya roƙi a sake masa gwajin, shi da bai taɓa roƙon kowa komai a wurin ba. Malama ma ta sa baki, ta ce in an ba ta rana ɗaya ta isa. Manaja ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi, ya kira shi Baba sau ba adadi. Ya ce ba a mantawa da irinsu. Ya ce ƙwarewa irin tasa a sama ake buƙatarta yanzu, inda matasa za su amfana. Ya ce Malama jibi za ta tafi, injinan kuma ba su da yawa, an riga an raba. Ya ce doka ce, in ya karya wa mutum ɗaya sai ya karya wa kowa. Ya rako shi har ƙofa yana dafe da kafaɗarsa. Maganganu masu daɗi, ba wadda za ka kama ka ce ga ƙarya, kuma duk cikinsu ba wadda ta kai nauyin dalma ɗaya.

A gida matarsa ba ta ce ai na faɗa ba. Guntu ya riga ya zo ya ba ta labari. Ta ajiye masa abinci ta koma kan keke, ba ta taka ba. Can ta ce da ta sani da ta sa zif ɗin ko bai so ba, ai ba ya duba ɗinki. Ya ce ta bar zancen, allura abin da aka ce mata take yi. Ya ci loma biyu ya ture kwanon.

Bayan mako guda aka ba wani saurayi injinsa. Saurayin ya yanke aljihunan gefe da reza, ya bar na sama biyu, ya shiga ruwa ya fito yana ta murna, wai injin nan kamar da kansa yake kwanciya. Sauran suka gwada, kowa ya ce shi ma irinsa yake so, daidai wurin, daidai girman. Manaja ya tambayi wanda ya ɗinka. Haka aka turo wa matar Kwaɗo rigunan injinan madatsar gaba ɗaya, da tamfol sabo, da saƙon cewa a sa zif. Ta kalli mijinta kafin ta karɓa. Ya ce ta karɓa mana, aiki ne. Yanzu in ya dawo da yamma sai ya ɗauke su daga kan kujerarsa kafin ya sami wurin zama.

Ranar da ya fara riƙon igiya, an haɗa shi da Guntu, don doka ta ce sabon mai igiya sai da tsoho a gefensa. Guntu bai yi wasa ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi wasan ciwo. Ya nuna masa yadda ake naɗe rarar igiya kada ta harɗe, da inda ake taka ƙafa in dandamali ya jiƙe. Samari biyu suka sauka, ruwa ya rufe a kansu.

Kwaɗo ya tsaya a bakin ƙarfen yana kallon wurin da suka shiga. A da, wanda ke sama yakan bi mai nutso da kumfarsa, ya san inda yake, ya san ya gaji ko ya tsorata ko yana fama da wani reshe mai taurin kai. Wannan injin ba ya kumfa. Ruwan ya kwanta lumui, ba abin da ke cewa akwai mutum a ƙasa sai igiyar da ke zamewa a hankali cikin tafin hannunsa.

Guntu ya jawo benci da ƙafa ya tura masa.

"Zauna, Yaya. Da wannan injin sai sun daɗe."

Ya yi kamar bai ji ba. Rana ta hau, ƙarfen ya ɗauki zafi har ta cikin takalmi, igiya na ta tafiya. Da inuwar dandamali ta gama janyewa, ya laluba bayansa da hannu ɗaya, ya jawo bencin, ya zauna.